Abin da Pantelis Ya Koya wa Matar Ɗana

Uwar mijina, marigayiya Argiro, ita ta fara ba ni labarin Pantelis, ina amarya, kwanana uku da saukowa daga ƙauyenmu na kan dutse. Muna zaune a ƙofar gida muna tsince wake, sai ga wani dogon mutum ya wuce da kwandon kifi a kafaɗa, yana fito. Ta bi shi da ido har ya sha kwana, sannan ta ce, "Evdokiya, kin ga wancan? Ki ci abincinsa, don duk tsibirin nan babu mai hannun girki irin nasa. Amma in ya nuna miki hanyar coci, ki sake tambayar wani."

Dariya na yi. Sai bayan shekara arba'in na daina dariyar.

Ki rubuta sunan da kyau, Malama, kar a zaci wani Pantelis nake nufi. Mai gidan abincin bakin tashar jirgin ruwa, mai rumfar inabi da shuɗayen kujeru. Ubansa masunci ne, ya mutu bai bar masa komai ba sai tarun da ya yayyage. Yana ɗan shekara sha bakwai ya shiga manyan jiragen dakon kaya yana wanke tukwane, har ya zama kuku. Shekara goma sha biyu yana yawon teku. Ya dawo da iya girki, da guntun Jamusanci da guntun Turanci da ya tsinto a tashoshi, da kuma raina duk wanda ba ɗan nan ba. Ya auri Marigo, baiwar Allah, don gidan ubanta na kallon ruwa. Ya fasa bangon ɗakin ƙasa ya jera tebura. Ita kuwa ta shiga kicin, ba ta fito ba sai ranar da aka fito da ita a akwati.

Mijina Zisis abokinsa ne tun na ƙuruciya. Da na haifi Anestis, ɗana tilo, Zisis ya ce Pantelis ne zai riƙe shi a ruwan baftisma. Shi ya shafa masa mai, shi ya tofar da Shaiɗan a madadinsa. Daga ranar ya zama kumbarona, ni kumbararsa, haka muke kiran waɗanda baftisma ta haɗa, kuma kin san wannan zumunci ya fi na jini nauyi. Ba a ɗaga masa murya, ba a kunyata shi.

Zan faɗi alherinsa sau ɗaya, don ba na son Allah Ya kama ni da ɓoye gaskiya. Shekarar da teku ta cinye Zisis, kwana arba'in cur tukunya na fitowa daga kicin ɗin Pantelis tana zuwa gidana. Bai yi fashi ko rana guda ba. Na ci, yarona ya ci. To, na faɗa. Ki rubuta sau ɗaya, ya isa.

Yanzu ga ainihin mutumin. Baƙi masu yawon buɗe ido sun fara cika mu tun Anestis na rarrafe, jajaye kamar an gasa su, ba su san yadda ake zama a tebur ba. Kowa da farantinsa yana kare shi da hannu kamar za a ƙwace. Su ci da sauri su miƙe. Wasu har ƙyasta wa mai gida yatsa suke yi, kamar suna kiran kare. Pantelis ya ɗora wa kansa aikin koya musu, kuma yawancin abin da yake koyarwa gaskiya ne. Zai ja su kicin ya buɗe musu tukwane su zaɓa da ido. Zai ture farantan tsakiya ya ce a ci tare. Zai nuna musu cewa in ya ɗaga haɓa ya ɗan yi tsaki, a'a ke nan, abin ya ƙare, kar a sake tambaya. Zai ce teburin nasu ne har yamma, babu mai korarsu. In an gama ya kawo kyautar gida, kankana ko ɓawon lemu da aka dafa da sukari a ɗan faranti da kofin ruwan sanyi, ya ce wannan ba a mayar da shi.

Sai sun yarda da shi sarai, ciki ya cika, sannan ya ja kujera ya zauna. Ya kama hannun baƙo, ya ware masa yatsu biyar, tafin na kallon waje, ya ce haka muke yi wa babban mutum godiya a ƙasar nan, ka miƙa masa a fuska ka ce "Na." Daƙuwa, Malama. Daƙuwa tsirararta. Tsofaffin banzan da ke zama a teburin lungu da carbin wasansu suna nan suna danne dariya. Ya taɓa tura wasu samari biyu suka yi wa ɗan sandan tasha. Ya tura wata mata ta yi wa direban bas, mutumin ya sauke ta a tsakiyar gonar zaitun. Shekara da shekaru ana ba da labarin ana riƙe ciki.

Ni uwata ta ce min hannun da ake yin alamar gicciye da shi ba a ware shi a fuskar ɗan Adam. Ko biyar zan nuna, tafin ni yake kallo. Ko jirgi nake ɗaga wa hannu, yatsuna a haɗe suke. Amma ban taɓa ce wa Pantelis ya bari ba. Baƙi ne, na ce, gobe sun tafi.

Anestis ya tafi Jamus aikin kamfanin motoci. Ya daɗe bai yi aure ba, har gwiwoyina suka yi kanta a gaban hoton Uwar Almasihu. Daga baya ya auri Bajamushiya, Birgit, a ofishin gwamnati, ba kambin aure ba firist. Na haɗiye. Da suka haifi mace, ya kira ni ya ce, "Mama, za mu kawo ta gida a yi mata baftisma a cocinmu. Birgit ta yarda. Sunanki za ta ci." Na zauna a ƙasa da wayar a hannu. 'Yar fari ta ɗa namiji sunan uwarsa take ci, kowa ya sani, amma ni na riga na cire rai. A takardun can sun rubuta mata wani suna, Yohana, amma wannan na takarda ne. Sunan da firist ya kira a kan ruwa shi ne suna. Wata uku ina ɗinka rigar baftisma da hannuna. Na sayi kyandirori, na ajiye man zaitun na farkon matsa, na ƙulla alewar almon a 'yan ƙyallaye ɗari da ashirin.

Suka iso ranar Juma'a a watan Satumba, baftisma kuwa Lahadi da yamma. Birgit ba ta yarda ta kwana a gidana ba, wai zafi da sauro, suka kama ɗaki a bakin ruwa. Na haɗiye wannan ma. Yarinyar kuwa, wata bakwai, goshin Zisis sak.

Ranar Asabar da rana muka je cin abinci wurin Pantelis, don shi zai gasa ragon biki. Ya rungume Anestis, ya sumbace shi kunci biyu. "Ɗan iska, ka yi tumbi. Dankali kawai suke ba ka a can?"

"Baba, kai ma ba ka rame ba."

"Ni na ci na halak ne. Wannan ce matar? Doguwa kamar sandar tuta. Ku zauna, ku zauna."

Gaskiya Birgit ba ta san kan tebur ba, kuma laifin Anestis ne da bai gaya mata ba. Pantelis ya ce ta zo kicin ta ga tukwane, ta ce a kawo mata takardar abinci. Aka kawo kifi, ta ce a koma a cire kan, idon na kallonta. Ta nemi farantinta daban. Ina kallon jijiyar wuyan Pantelis tana tashi. Amma ba wannan ya ƙona shi ba. Yana zuba ruwan inabi sai ya ce, "To, ɗana Stelyos ya sayi sabuwar riga. Ni na riƙe ka, shi zai riƙe 'yarka, man ya zauna a gida ɗaya."

Anestis ya sunkuyar da kai. "Baba, na riga na yi wa wani alkawari. Abokin aikina ne, ɗan arewa, mutumin kirki. Yana cikin jirgin ƙarfe biyu."

Pantelis ya ajiye butar a hankali. "Ɗan arewa."

"Baba, ka yi haƙuri."

"Haƙurin me? 'Yarka ce. Ka ba wa wanda ka ga dama, ko direban jirgin ne." Ya yi dariya, amma ni na san wannan dariyar.

Jirgi ya yi kuka, Anestis ya tashi ya tafi tarbar abokinsa. Ya bar mu mu uku da jaririya. Pantelis ya shiga ciki ya fito da ɓawon lemu a ɗan faranti, ya ajiye wa Birgit, ya ajiye min. Ta girgiza kai, ta ture farantin da yatsa ɗaya, wai ba ta shan sukari. 'Yan teburin lungu suka juyo.

Pantelis ya ja kujera ya zauna kusa da ita.

Ba na jin Jamusanci, amma ina da ido. Na ji ya ambaci Fada Serafim, firist ɗinmu. Na ga ya nuna mata yadda ake haɗa tafuka a karɓi gurasa mai albarka, wannan daidai ne. Sannan na ga ya kama hannunta na dama, ya ware yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya miƙar. Ta gwada, tana murmushi, tana jin daɗi an karɓe ta. Ya gyara mata babban yatsa. Ya waiwayo ya kalle ni, ya ce da harshenmu, "Kumbara, ci lemunki, kar ƙuda ya riga ki."

Cokalin na bakina. A teburinsa nake, kyautarsa ce a kan harshena, mutumin da ya riƙe ɗana a ruwa, wanda tukunyarsa ta zo gidana kwana arba'in. Yaya zan ƙaryata shi a ƙarƙashin rumfarsa, gaban mutane? Na ce a raina, bari Anestis ya dawo in ja shi gefe. Ya dawo da baƙonsa, aka shiga gaishe-gaishe da zuba ruwan inabi, Pantelis bai matsa daga gefena ba. Jaririya ta fara kuka suka tafi ɗakinsu. Na ce to, gobe a ƙofar coci zan tare su. Na koma gida na kwaɓa gurasar hadaya, na buga mata hatimi, na yi addu'a.

Lahadi tun asuba ina coci. Sau shida ina waiwayen ƙofa. Ba su zo ba. Na karɓi jibin Ubangiji, na koma wurina a sashen mata, can gaba. Sai da aka gama sujada, Fada Serafim ya fito da kwandon gurasa mutane suka yi layi, sannan na hango su a tsakiyar layin, sun shigo a makare. Na kutsa, amma cocin a cike yake, kowa ya zo ganin Bajamushiya. Ina ce wa mata ku ba ni hanya, suna ce min ki bi layi, Evdokiya, yau kin zama babba ne?

Birgit ta iso gaban Fada, yarinyar na hannun Anestis. Ta haɗa tafuka ta karɓi gurasa, kyau da kyau. Sannan ta ɗaga hannu, yatsu biyar a ware, dab da gemun tsohon nan mai shekara saba'in, a gaban bagade, ta ce "Na," da murya mai daɗi.

Na ji numfashin coci ya ɗauke. Sai dariya ta ɓarke daga sashen maza, daga wajen 'yan teburin lungu, waɗanda ba su taɓa zuwa coci da wuri ba sai ranar. Wata tsohuwa da ke bayanta ta kai wa hannun duka da ƙarfi har gurasar ta faɗi ƙasa, ta ce, "Kafira, a gidan Allah?" Yarinya ta tsala kuka.

Fada Serafim bai yi fushi ba, Allah Ya ƙara masa kwana. Ya durƙusa da kansa ya ɗauki gurasar ya sumbata, ya ce wa Anestis, "Tambaye ta wa ya koya mata. Ko da yake na sani. Ba komai, ɗana, ku zo da yamma yadda aka shirya."

Da a nan abin ya tsaya, da yau ina da takwara.

A farfajiyar coci Anestis ya yi wa Birgit bayani. Na ga fuskarta ta yi fari, sannan ta yi ja har kunne. Mutane sun kewaye su, wasu matasa na kwaikwayonta a bayan itacen fir. Ba ta yi kuka ba. Ta juyo ta kalle ni, ta yi magana a hankali, doguwar magana. Anestis ya ce, "Mama, ta ce kina zaune a teburin. Ta ce bayan ya nuna mata, ke ta kalla, don ta ga ko daidai ne, ta ga kina cin lemu. Mama, kin gani?"

Jibin Ubangiji bai gama sauka a cikina ba. Ba zan yi ƙarya ba. Na ce, "Na gani."

"Kika yi shiru."

"Teburinsa ne, ɗana. Ubanka ne na baftisma. Na so in gaya maka."

"Yaushe? Kin san ɗakin da muke. Taku ɗari biyu ne daga ƙofarki."

Ya fassara mata abin da na ce, ta gyaɗa kai, ta karɓi yarinyar daga hannunsa. Ta ce wani abu gajere. Wannan bai fassara min ba, sai da na riƙe masa riga. Ya ce, "Ta ce ba za ta tuɓe 'yarta tsirara ta miƙa wa mutanen nan ba."

Jirgin ƙarfe biyu ya tafi da su, har da ɗan arewan da bai ma kwance jakarsa ba. Na tsaya a tasha da rigar baftisma a naɗe a hannu, ko za su waiwayo. Anestis ya ɗaga hannu sau ɗaya.

Daga tashar zuwa rumfar Pantelis taku ashirin ne. Ragon na juyawa a kan garwashi, tebura cike da baƙi. Yana tsaye da tawul a kafaɗa.

"Kumbara, sannu da zuwa. Ina mutanen? Rago ya nuna."

"Ka san inda suke."

"Haba, don ɗan wasa? Mutanen can ba su da raha. Shi ya sa na ce yaron nan ya auri 'yar gida."

"A gaban bagade, Pantelis."

"Fada ya mutu ne? Gemunsa ya zube? Na yi wa ɗan sanda, na yi wa direba, kina nan kina dariya da kowa. Yau da ya zo ƙofarki ne ya zama zunubi?" Ya sassauta murya. "Kuma ban toshe miki baki ba. Lemu kawai na ba ki."

Malama, shekarata hamsin da tara a ranar, hannuna bai taɓa yi ba. Na ajiye rigar a kan kujera. Na ɗaga na dama na ware, na buga na hagu a bayansa har ya yi ƙara, na tura masa duka goman a fuska. Na ce, "Na. Kai da tukwanenka da kwana arba'in ɗinka."

Ko gezau bai yi ba. Ya karkata kai yana dubawa kamar mai duba kifi a kasuwa, ya ce, "Babban yatsanki bai buɗe sosai ba, kumbara. Bajamushiyar ta fi ki iyawa." Teburin lungu ya kwashe da dariya. Wasu baƙi suka ɗaga wayoyi suna ɗaukata hoto, wata ma ta tafa, ta zaci rawa ce.

Na je wurin Fada Serafim ranar Laraba na furta zunubina. Ya ce daƙuwar ƙarama ce, Allah Ya ga abin da ya fi ta. Ya ce, "Amma kin yafe masa?" Na ɗaga haɓa. Ya ce to ki dawo ranar da kika yafe, ƙoƙon jibin na jiranki. Shekara uku ke nan. Duk azumi sai ya tambaye ni, duk azumi haɓata na tashi da kanta. Ina zuwa coci, ina kwaɓa gurasa, ina tsayawa a baya ina kallon wasu na karɓa.

Yarinyar ta kusa shekara huɗu. Ba ruwa, ba mai, ba gicciye a wuya. Yohana suke kiranta. Anestis na kirana ranar Ista da ranar sunana, ya sa ta ce min sannu da harshen da ba na ji. In na ɗauko maganar baftisma sai ya ce, "Mama, bari tukuna." Rigar na cikin akwati, ko hannunta ba zai shiga ba yanzu. Alewar na raba wa yaran unguwa kafin tsutsa ta shiga.

Kina jira in ce miki hannun Pantelis ya shanye, ko gidan ya ƙone? Babu abin da ya same shi. Shekararsa saba'in da biyar, haƙoransa cif, bacci yake yi har da minshari. Stelyos ne ke riƙe da kicin yanzu, sun ƙara tebura takwas a bakin ruwa. Shi kuwa yana nan ƙarƙashin rumfar inabi da tawul a kafaɗa. Ɗazu da zan zo wurinki na bi ta ɗaya gefen titi, yadda na saba, na hango shi. Ya kai wa wasu mata da miji kankana, sun ci, suna ta washe masa baki. Na bar shi yana jan kujera zai zauna.